Sito Arba'in da Biyu, Maɓalli Ɗaya

Shekara ashirin da tara Mai Sito ya yi yana riƙe da makullan babban siton kamfanin, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda da abin da ba zai iya ɗagawa ya juya ya leƙa gindinsa ba. Katan ɗin sabulu ya san nauyinsa. Jarkar man girki, ko da idonsa a rufe, in an rage mata ludayi guda zai gane. Kwamfuta kuwa cewa yake akwati ne mai fitila, wanda ya ga dama ya yi ta kallo.

To sai ga shi abin da ke cikin akwatin nan 'yarsa ce ta gina shi.

Autarsa ce, kuma Auta yake kiranta har yau da take da aure da 'ya'ya biyu. A kamfani Injiniya ake ce mata. Kamfanin na rarraba kayan masarufi ne, sabulu da man girki da madarar gwangwani da batir, yana da sito arba'in da biyu a garuruwa daban-daban da motoci sun fi ɗari uku. A da, mai sito ya rubuta takardar fita da biro, mota ta tafi, sai bayan kwana biyu hedikwata ta san abin da ya fita. Wani siton sabulu ya ƙare, wani kuma ya yi masa yawa har ɓera na kwana a kai. Shekara ɗaya da rabi Auta da mutanenta shida suka yi suna gina manhajar da za ta haɗa su duka. Aikin mai sito a ciki kaɗan ne. Ya zaɓi mota, ya zaɓi kaya, ya danna koren maɓalli. Saƙo ya tafi babbar na'ura a hedikwata, ta duba ko kayan suna nan, ta cire su, ta dawo da lamba. In babu lambar nan, mai gadi ba zai buɗe ƙofa ba.

An gwada a sito uku wata uku, lafiya lau. Aka ce ranar Litinin duka arba'in da biyun za su hau.

Ranar Juma'a Gajere ya bugo masa waya. Gajere shi ke riƙe da sito na sha bakwai, kuma a hannun Mai Sito ya koyi aiki, kamar rabin masu siton kamfanin.

"Maigida, wai da gaske ne ranar Litinin za mu ajiye biro?"

"Da gaske ne."

"To, mu dai za mu gani. Mutane na cewa a lallaɓa, a ɗan taɓa mota ɗaya biyu a na'ura, sauran a takarda, har abin ya gaji ya mutu da kansa."

"Su wa ke cewa?"

"Mutane dai."

Mai Sito ya kashe wayar, ransa ya ɓaci. Ya san mutanen nan, shi ya raine su. In suka so kashe abu ba sa faɗa da shi, ƙyale shi suke. Sai a wayi gari a ce abin da 'yar Mai Sito ta gina ba mai so. Yarinyar da ya ga ta rame a kan aikin nan, ta daina zuwa gaishe su sai da kwamfuta a hammata.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauko kujerarsa ta roba ya kafa a tsakar gida, ya sa tabarau, ya buɗe tsohon littafinsa mai lambobin waya. Ɗaya bayan ɗaya ya kira su, mutum arba'in da ɗaya. Maganar guda ce.

"Gobe ƙarfe shida kana bakin aiki. Duk motocin ranar ka shirya su a na'ura tun da wuri, kar ka bar ko ɗaya. Ƙarfe bakwai daidai ka fara dannawa. Ba bakwai da minti ɗaya ba. Ina so in yarinyar nan ta kalli allonta ta ga mutanen ubanta tsaye a bayanta."

Wani ya ce, "In na danna bai amsa ba fa, Maigida?"

"Ka sake dannawa. Ka yi ta dannawa har ya amsa. Kar in ji an ce ka gaji ka koma biro."

Matarsa tana gefe tana shanya kaya a igiya. Ta ce, "Malam, ka tambayi yarinyar kuwa?"

"In tambaye ta me? Taimakonta zan yi sai na nemi izini?"

"Ni dai na tambaya ne."

"To kin ji amsa."

Litinin ƙarfe bakwai saura biyar, motoci goma sha tara suna jere a harabar sitonsa, an gama lodi, an ɗaure tamfol. Ba a taɓa yin haka ba. Yadda aka saba, mota ɗaya ta yi lodi ta fita, wata ta shigo, a yi ta yi har sha ɗaya. Mai Sito ya zauna a ɗan ofishinsa mai taga ɗaya, agogon hannunsa a kan tebur kusa da kwamfuta. Da tsinken agogo ya hau bakwai, ya ce bismillah ya danna.

Wani ɗan zobe ya fito a allo yana juyawa. Ya jira numfashi uku. Ya sake dannawa. Zoben ya ci gaba da juyawa. Ya koma mota ta biyu ya danna, ta uku ya danna, ya dawo ta farko ya ƙara mata uku. A can sauran sito arba'in da ɗayan, mutanensa masu biyayya suna yin abin da yake yi.

Bakwai da minti goma allon ya yi fari fat.

Direbobi suka fara matsa oda. Wayarsa ta hau ruri, wannan ya kira, wancan ya kira. Can wajen takwas na'urar ta ɗan farfaɗo, ta amayo lambobi barkatai, ta sake sumewa. Dogo, direban babbar mota, ya leƙo ta taga da takarda a hannu.

"Baba, na'urar 'yarka ta ba ni lamba bakwai. Wai in ɗauki kaya sau bakwai. Motar tawa ɗaya ce fa, sai dai in goya sauran."

"Matsa mini daga taga."

"Kuma ta ce sabulu ya ƙare a siton nan. Ga shi can har rufi ina kallo."

"Na ce matsa!"

Ƙarfe goma umarni ya zo daga hedikwata, kowa ya koma takarda. Mai Sito ya ɗauko biro daga aljihu. Har lokacin bai kawo komai a ransa ba. Shi dai a ganinsa na'urar ce ta ci amanar 'yarsa.

Ƙarfe biyar na yamma Auta ta shigo gidan, ko nata gidan ba ta biya ba. Idonta ya yi ja. Uwarta ta kawo mata abinci, ta ture kwanon gefe, ta buɗe kwamfuta a kan tabarma.

"Manaja ya ce ranar Alhamis da safe za a sake, shi da kansa zai zauna yana kallo," in ji ta. "In ta sake faɗuwa, zai karɓe aikin daga hannuna ya ba wani kamfani na waje. Shekara ɗaya da rabi, Baba."

"Me ya kayar da ita?"

"Abin da ya hana ni zama ke nan. Zo ka gani."

Ya matso da kujera. Ta nuna masa wani zane, layi kwance kamar igiya a ƙasa, sai wuri guda ya miƙe tsaye kamar bango.

"Wannan kwancen, yadda sito ukun nan suka yi aiki ne wata uku. Mun ɗauka mun ninka har ya kai arba'in da biyu, muka sake ninkawa biyu don tsaro. Ko a haka ba mu zaci saƙo zai wuce ɗari shida a awa guda ba. Yau kuwa," ta ɗora yatsa a kan bangon, "dubu uku a minti huɗu. Kuma duk a ƙarfe bakwai cif. Kowa ya danna, ya sake, ya sake. Na'urar tana fama da na farko, sai ga guda goma irinsa sun hau kanta. Kamar wani ya tsaya da usur ya hura musu."

Mai Sito ya kalli zanen. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Zanen bai canza ba.

Matarsa ta daina abin da take yi. Kallonsa kawai take, irin kallon da ta shekara talatin da wani abu tana yi masa in ya saya wa gida abin da ba ya aiki.

"Ke kuma lafiya?" ya ce mata.

"Lafiya ƙalau, Malam. Usur nake tunani."

Ya yi gyaran murya. Mutum ne da bai iya kewaye-kewaye ba, ko da kansa maganar za ta sara.

"Auta. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na hura usur ɗin. Jiya na kira su. Na ce bakwai daidai, kuma wanda bai ga amsa ba ya yi ta dannawa."

Auta ta dube shi. Ta dubi uwarta, uwar ta gyaɗa kai. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta tashi ta nufi bakin famfo, ta daɗe tana wanke fuska. Mai Sito ya zauna yana jiran abin da zai biyo baya. A sito in ma'aikaci ya yi irin wannan, shi ya san abin da yake ce masa.

Ta dawo tana goge fuska da gefen mayafi.

"Mutum nawa ka kira?"

"Duka."

"Arba'in da ɗaya? Kuma duk suka bi?"

"Wa ya isa ya ƙi?"

Sai ta fashe da dariya. Ta yi ta dariya har ta zauna daɓas a tabarma, hawaye na zuba, har uwarta ta ce, "Ke, a hankali, kar ki shaƙe."

"Wata shida ina aika musu takardar sanarwa su zo horo, rabinsu ba su zo ba," in ji Auta. "Ashe lambar wayar da zan nema tana cikin gidanmu."

"Ba abin dariya ba ne. Gobe zan je in gaya wa Manaja laifina ne."

"Ka je in kana so. Amma ba zai wanke ni ba, Baba, kuma bai kamata ya wanke ni ba. Manhajar da mutum ɗaya da wayar hannu zai kayar, ba ta ginu ba tukuna. Yau kai ne. Wata rana sabis zai ɗauke awa biyu ya dawo, kowa ya danna lokaci guda, ba wanda ya kira su. Abu biyu ne muka san ana yi, muka ce sai nan gaba. Na farko layi. Saƙo ya zo, a ce masa an karɓa, a jera shi, na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya daidai ƙarfinta. Na biyu, kowane lodi da shaidarsa guda, ko sau ɗari aka danna, sau ɗaya za a ɗauka."

Mai Sito ya juya maganar a ransa.

"Wannan ai ƙusar da ke kan teburina ce. Direba ya miƙo takarda, in soke ta a ƙusa, in ce je ka zauna. In ya kawo ta biyu in yaga."

"Ita ce."

"Kuna mutum bakwai da digiri, ba wanda ya sa ƙusa?"

"Mun ce sito uku ba sa buƙata."

"Allah ya kyauta," in ji shi. Ya tura mata kwanon abinci. "Ci."

Washegari duk da haka ya sa rigarsa ta zuwa ofis ya tafi hedikwata, ya hau bene wajen Manaja. Bai zauna ba ko da aka nuna masa kujera.

"Ranka ya daɗe, abin da ya faru jiya ni na jawo." Ya zayyana masa komai.

Manaja ya jingina da kujera yana kallonsa. "Baba, motoci ɗari uku suka yi awa uku a tsaye."

"Na sani. Goma sha tara a gabana suke."

"Me ya kai ka?"

"'Yata ce."

Manaja ya shafa fuska, ya kasa gane ko faɗa zai yi ko dariya. "Na ji. Amma Alhamis tana nan yadda na ce. Ni ba ruwana da wanda ya danna. Mota nake so ta fita."

Daga nan Mai Sito ya sauka hawa na biyu inda su Auta suke. Ɗaki ne mai sanyi kamar firji, tebura a haɗe, kofunan shayi ko'ina, wani farin allo a bango an cika shi da akwatuna da kibiyoyi. Ba wanda ya ɗaga kai. Ya yafito ta, ta fito baranda.

"Na yi tunani," ya ce da ƙaramar murya. "Zan sake kiransu. In raba musu lokaci. Sito na ɗaya bakwai, na biyu bakwai da biyar, haka haka. Kowa ya danna sau ɗaya ya naɗe hannu. Manaja zai ga abu na tafiya sumul."

"A'a."

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. In ta tsaya don an lallaɓa ta, ranar da ba a lallaɓa ba fa? Ranar da kuma sito suka zama tamanin fa?" Ta kama hannun rigarsa kamar yadda take yi tana ƙarama in tana son a saya mata abu. "Kiransu za ka yi, amma ka ce su yi yadda suka yi ranar Litinin. Su fi haka ma. Mun gwada da na'urar da ke kwaikwayon mutane, amma ba ta kai mutanenka mugunta ba."

"Ki ce in sa a doki aikinki a gaban Manaja?"

"Da ƙarfi."

"In ta faɗi fa?"

"In ta faɗi, ta cancanci faɗuwa. Gara ta faɗi a hannunka."

Ya tsaya yana kallonta. Taurin kan nan ya san inda ta samo shi, shi ya sa bai ƙara magana ba.

Ranar Laraba da yamma ya sake kafa kujerar roba. Kiran nan ya fi na farko wuya. Kowane suna ya buga sai ya ji kamar yana ɗaukar 'yan dambe su je su daki 'yarsa.

Gajere ya ce, "Maigida, ban gane ba. Ranar Litinin mun danna mun kashe ta. Yanzu mu sake kashe ta?"

"In ka iya."

"Kun yi faɗa da Injiniya ne?"

"Ita ta ce. Ka danna da hannu biyu, ka sa mataimakinka ma ya danna."

"To fa. Gidanku dai sai ku."

Alhamis, bakwai saura biyar, motoci ashirin da ɗaya a haraba. Mai Sito bai karya ba, shayin da aka kawo masa ya huce a kan tebur. Dogo ya jingina da taga.

"Baba, yau lamba nawa za a ba ni? In san yawan motar da zan aro."

"In ka ƙara magana kai ne na ƙarshe."

Bakwai ta buga. Yatsansa ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya danna.

Ba zobe. Rubutu ne ya fito: An karɓa. Kai ne na 214 a layi.

Ya sake dannawa. An riga an karɓa, in ji allon. Ya danna mota ta biyu, ta uku, har ta ashirin da ɗaya, ya dawo farko ya hau maɓallin kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Gumi ya keto masa. Zuciyarsa na cewa ya isa haka, hannunsa na ci gaba, don ya yi alkawari. Lambar layin ta koma 180. Ta koma 131. Ta tsaya a 131 har ya ce shi ke nan, na sake kashe mata. Sai ta yi tsalle ta koma 90. Ta koma 37.

Bakwai da minti uku lambar fita ta bayyana. Guda ɗaya.

Ya rubuta ta a 'yar takarda ya miƙa ta taga. Dogo ya karɓa ya juya bayanta.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan. Ɓace mini."

Mai gadi ya ja ƙofa. Motar Dogo ta fita, ta biyu ta bi ta. Kafin bakwai da rabi harabar ta zama wayam, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Gajere ya kira ya ce su sabis ya ɗauke musu ana tsaka da yi, amma da ya dawo saƙonnin suka wuce da kansu, bai sake shigar da komai ba. Muryarsa kamar wanda aka yi wa rowar abin ƙorafi.

Takwas da kwata wayar Auta ta shigo. Mai Sito ya bar ta ta yi ƙara sau uku don kar a ce jira yake.

"Baba."

"Ina ji."

"Manaja ya ce mu ci gaba. Aikin na hannuna. Amma ya ce minti uku ya yi yawa, yana so ya koma ƙasa da ɗaya kafin wata ya ƙare."

"Shi ya taɓa sallamar mota a minti uku?"

"Ƙyale shi, gaskiyarsa ce. Kuma akwai wuri guda da ta kusa shaƙewa, na gan shi, za mu gyara." Ya ji hayaniyar mutanenta a bayanta. "Baba, sau nawa ka danna?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na gani. Ɗari da sittin da huɗu. Duk kamfanin ba wanda ya kai rabinka."

"Ke kika ce da ƙarfi."

"Na ce ka gwada ta, ban ce ka huda allon ba."

Ya kalli yatsansa, ya ga bakin farcen ya tsage. Ya sa a baki ya ciza ya tofar.

"Ki biyo ta gida in kin tashi," ya ce. "Uwarki ta ce kin rame. Kuma ki bar akwatin nan a ofis."

Ya kashe wayar, ya fito bakin sito. Masu lodi sun zauna a inuwa suna hira, ganin ba mota. Ya daka musu tsawa su tashi su gyara jerin madara, katan uku sun karkace tun jiya.